Ɗakin Kajin da Muka Gina a Bayan Ɗakina a Daura

Assalamu alaikum. Ni haifaffiyar wani ƙauye ce a ƙasar Sandamu, aure ya kawo ni cikin garin Daura, unguwar Tudun Wada, kuma a nan na haifi 'ya'yana duka. Abin da zan ba da labarinsa ɗakin kaji ne mai tsawon ƙafa 12 da faɗin ƙafa 8. A idon mai hali wannan ba komai ba ne, amma ni na san asirin da Allah ya rufa mana ta dalilinsa. Shi ya sa na ga bai kamata in yi shiru ba, tunda da wuya ka shiga gida a ƙasar nan ba ka ga kaza ba, kuma da wuya hunturu ya wuce ba a kwashi matattunsu an kai juji ba.

Da kaji na buɗe ido. Kakata ta wajen uba, wadda duk gidan muke kira Inna, ita ta ba ni sagarata ta farko tun ban iya riƙe taɓarya ba. Akurkinta irin wanda kowa ya sani ne: ginin ƙasa zagayayye, tsayinsa bai kai ƙugun babba ba, da 'yar ƙofa wadda hannu kaɗai ke shiga. Da magariba in kaji sun gama shiga sai a kara dutse a bakin, da asuba a janye. Ba ya ganin tsintsiya, domin babu ta inda za ta juya a ciki. In ka zura hannu ɗaukar ƙwai, kafin ka zaro shi ƙuma ta hau ka har gwiwar hannu. Kuma duk shekara, da zarar an gama kaka iska ta juyo, sai fakat ta shigo gari. Kaza ta saki fukafukai, ta yi ta gyangyaɗi, kashinta ya koma fari da kore, wata wuyanta ya murɗe ta riƙa kallon sama. Inna ta jiƙa ɓawon maɗaci, ta daka barkono ta zuba a kaskon ruwansu, daga baya da kafso ja-da-yalo ya shigo shi ma aka riƙa fasa shi a ciki. Mai sauran kwana ta tashi, sauran kuwa a yi ta rige-rigen yanka su kafin su mutu. Ba zan taɓa ganin laifin Inna ba, Allah ya jiƙanta. Ta yi da abin da ta tarar, kuma da kuɗin kajinta da ƙwan zabinta aka cika mini kwanukan jere. Sai dai duk tsawon tashina ban taɓa jin wanda ya ce a duba akurkin ba. Abin da ake cewa, iska ce, ko shekarar ce ta zo da haka.

Irin wannan akurki aka yi mini a lungun gida da na tare. Maigidana direba ne. Ya yi shekaru yana jan motar wani bawan Allah tsakanin Daura da Damagaram ta Kwangwalam, ya kai fasinja da kaya ya dawo da wasu, kuma ba mu taɓa kwana da yunwa ba. A lokacin kaji abin marmari ne a wurina: a yanka wa baƙo, a yi wa mai jego farfesu, a sayar da zakara da salla a yi wa yara mata kitso da lalle. Sai a watan Agusta na 2019 aka rufe iyakokin ƙasa. Mai motar ya yi haƙuri iya haƙurinsa, sannan ya sayar da ita. Hunturun wannan shekarar fakat ta share mini akurki, ta bar mini kaji biyu da wani tsohon zakara. Muna cikin haka, a watan Afrilu na 2020 aka kulle Daura saboda korona, azumi ya same mu a kulle. Ba na son daɗewa a kan wannan lokaci. Abin da zan ce kawai, na ga namiji mai zuciyar nema zaune a kan tabarma a zaure daga hantsi har la'asar, ba ya iya haɗa ido da 'ya'yansa, kuma ganin haka ya fi mini yunwar ciwo.

Bayan an buɗe gari tunkiyata ta kwanta, sai yayana ya turo mini wani malamin dabbobi, yaro matashi mai ladabi. Da ya gama da tunkiyar sai ya hango akurki.

"Hajiya, nan kajin ke kwana?"

Na ce, "Nan ne, Malam."

"Don Allah ki duƙa ki sa fuskarki a ƙofar, ki ja numfashi."

Rana ce tsaka. Na duƙa. Wani hucin zafi da wari mai yaji suka buge ni, idanuna suka kawo ruwa nan take, na ɗago ina tari.

Ya ce, "To, ke leƙawa kawai kika yi. Su a ciki suke kwana."

Sai ya tsuguna a inuwa ya yi mini bayanin da har gobe nake masa addu'a a kansa. Ya ce kaza ba ta gumi. In zafi ya dame ta, baki take buɗewa ta yi ta haki, ta ɗaga fukafukai, don haka in iska ba ta ratsa inda take ba, ba ta da hanyar hucewa. Yajin da ya sa ni hawaye kuma daga kashinsu yake tashi idan ya taru ya jiƙe, yana ƙona musu ido da maƙogwaro, sai cuta ta same su a raunane. Fakat kuwa, wadda su a asibitin dabbobi suke kira Niyukasil, ƙwayar cutarta ba irin wadda kafso ke kashewa ba ce, abin da ke tare ta rigakafi ne tun kaza tana da lafiya. Kuma kaza ce ke shafa wa kaza, ta numfashi da kashi da ruwan sha, har takalmin mutum da kejin dillali suna ɗauko ta daga wani gida zuwa wani. Da zai tashi ya ce, "Hajiya, ɗakin da ba ki iya shiga, ba za ki iya share shi ba, ba za ki iya kama kaza ki yi mata rigakafi ba, ba kuma za ki ga wadda ta kwana ba lafiya ba sai ta mutu. Ki yi wanda za ki shiga a tsaye, iska ta shiga ta nan ta fita ta can."

Na kwana da maganar nan, na tashi da ita. Kuɗin gini dai babu, amma ga damina tafe, sai na yi daminar 2020 ina kallon gidana da idon basira. In ana ruwa in rufa buhu a ka in fita in ga inda yake kwanciya da inda yake gangarewa. Ashe lungun da tsohon akurki yake nan ne matattarar ruwan indararo biyu, ƙasan wurin ba ta bushewa tun daga Yuli har Satumba. Wurin da ya fi tudu yana bayan ɗakina ta kudu, tsakanin katangar gabas da bishiyar bedi. Na lura da inuwar bedin nan, na ga tun daga bayan azahar take faɗowa daidai wurin, lokacin da rana ta fi cizo. Na lura da hadari, wanda a ƙasarmu daga gabas yake tasowa, shi ya sa bangon gabas na gidan ƙasa ya fi kowanne saurin zaizayewa. Iskar hunturu kuma daga arewa maso gabas take busowa, ga ɗakina a arewa da wurin zai tare wani abu daga cikinta.

Da yamma sai in ɗauki tsinke in yi ta zane a ƙasa ina gogewa. Ɗan farina, da yake ya shiga sakandare, shi ya kwafe mini zanen a bayan littafinsa ya yi lissafi. Malamin ya ce babbar kaza, in za ta daɗe a ciki, a ba ta fili ƙafa 2 tsawo, ƙafa 2 faɗi. Yaron ya buga 12 sau 8 ya samu 96, ya raba gida 4, ya ce, "Umma, kaji 24." Na riƙe wannan adadi, kuma a ƙasa mai zafi irin tamu gara a rage da a ƙara. Tsawon ɗakin na miƙe shi daga gabas zuwa yamma, yadda gajerun ɓangarori biyu ne za su fuskanci fitowar rana da faɗuwarta, su za a toshe da bulo har sama. Dogayen ɓangarorin, na kudu da na arewa, raga ce. Da haka rana za ta bi ta kan rufi ta wuce ba ta leƙo cikin ɗaki ba, iska kuma ta ratsa ta fice.

Kuɗin, adashi na shiga da ribar ƙuli-ƙuli da man gyaɗar da na fara yi tun cikin kulle, kwasata ta faɗo a kaka. Tunkiyar da ɗanta kuma na roƙi maigidana ya kai su kasuwar Mai'adua ranar Lahadi. A nan ne ya yi maganar da ta daɗe tana cinsa.

"Yanzu ɗaki mai kwano da siminti za a yi wa kaji, ga ɗakin yara yana yoyo?"

Tambayar gaskiya ce, kuma ni ma ta hana ni barci. Na ce, "Malam, in muka toshe yoyon yau, kuɗin ya tafi ke nan, gobe kuma ba mu da na gishiri. In Allah ya sa wa kajin nan albarka, su za su rufe ɗakin yara. Ka yarda da ni wannan karon."

Bai ce komai ba. Washegari bayan sallar asuba na ji ƙarar diga a bayan ɗaki. Shi ya haƙa harsashin da hannunsa, shi ya yi dakon bulo da yashi, shi ya kwaɓa siminti, kuɗin lebura ko kwabo ba mu biya ba.

Maginin dattijo ne, abokin marigayi surukina, don haka na samu damar yin magana da shi daga bakin ƙofa, lulluɓe da mayafi. Yana ganin igiyar da muka ja sai ya girgiza kai.

"'Yata, ga katanga biyu Allah ya ba ki kyauta a lungun can. A jingina a jikinsu, bango biyu kawai za a tayar, a yi 'yar taga, bulo ya ragu. Wannan da kika zana, sanyi zai kashe su, ɓarawo kuma yana ƙirga su daga waje."

Na ce, "Baba, ku yi mini haƙuri. Lungun can ruwa ke kwanciya, iska kuma ba ta zuwa. Sanyi ina iya tare shi da buhu, amma zafin bazara in ya shiga rufaffen ɗaki ba ni da abin fitar da shi."

"Tun kafin a haife ki nake gini, ban taɓa ganin ɗaki babu bango ba."

Na rasa abin cewa, domin ba a ja-in-ja da babba. Sai maigidana ya ajiye shebur ya ce, "Baba, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ita ce za ta riƙa shiga safe da yamma, a yi mata yadda ta ce." Wallahi har yau in na tuna wannan magana sai in ji ƙwalla. A ƙasar nan mata ke kiwon kaji, maza ke gina akurki, kuma ba kasafai ake tambayar mai kiwon yadda take so ba. Ina ganin wannan na cikin abin da ya sa akurkinmu ya daɗe a duƙe, a duhu.

Baba ya yarda, amma bai yi aikin a kan dole ba, sai ma ya zuba nasa ilimin, wanda ba a zanena yake ba. Mun ɗauki shawararsa muka jingina da katangar gabas ta zama bango ɗaya, bulo ya ragu, hadari kuma ya samu abin da zai daka. Tsakanin ɗakin kajin da bayan ɗakina muka bar hanya ƙafa 4 don iska. Shi ya ce a zurfafa harsashi saboda gafiya, mai haƙo rami daga waje ta ɓullo a ciki. Shi ya ce a cika ƙasa a ɗaga daɓen ya fi tsakar gida tudu da bulo guda, a zuba siminti, a ɗan karkatar da shi wajen ƙofa yadda in an wanke ruwan zai fita da kansa. Shi ya dage a yi wa bangon filasta sumul ciki da waje, ya ce duk tsagar da aka bari gidan ƙuma da kaska ce. Kuma shi ya binne langalanga a cikin ginin don a ɗaure katakon rufi, domin guguwar farkon damina a Daura tana yaye kwanon da ƙusa kaɗai ke riƙe da shi. A kudu da arewa jeri biyu na bulo mai inci 6 kawai ya ɗora a kan daɓe, ya tsaya. Allah ya saka wa dattijon nan da alheri.

Kafinta ya karɓa daga nan. Ɓangaren arewa ƙafa 8, na kudu ƙafa 7, rufin ya gangara kudu, ruwansa ya bi wata 'yar magudana zuwa rariya. Na roƙe shi ya fito da bakin kwanon kusan ƙafa 3 ta kowane ɓangare mai raga, don kada feshin ruwa ya jiƙa shimfiɗa. Duk katakon sai da maigidana ya shafe shi da baƙin mai kafin a kafa, kuma babu wanda ya taɓa ƙasa, a kan bulo suka zauna, saboda gara.

A kan raga na fi kashe kuɗi, kuma a nan nake roƙon kowa kada ya yi ƙwauro. Ragar kaji da aka fi sayarwa, siririyar nan mai manyan idanu, kaza kawai take tsarewa. Ɓera yana wucewa ta idonta, ƙaramin maciji yana wucewa, tunku da muzuru kuwa in sun dage sai sun yage ta, ga saurin tsatsa. Mai kauri muka saya, mai ƙaramin ido rabin inci, muka sa daga kan bulo zuwa ƙirjin mutum, daga nan zuwa sama muka cike da mai araha ninki biyu. Tsakanin kan bango da kwano akwai 'yan kafofi inda kwanon ya lanƙwasa, duk sai da muka toshe su, domin ta nan ɓera da ƙananan tsuntsaye ke shiga cin abinci, tsuntsun daji kuma ba ka san inda ya kwana ba. Tun da murar tsuntsaye ta ɓulla a ƙasar nan a 2006 ake jan kunnen masu kaji a kan haka. Ƙofar tana yamma, tana buɗewa waje, faɗinta ya isa in shiga da daro a hannu, da dokin ƙofa mai tsayi don kada shimfiɗa ta zubo, da kwaɗo mai kyau. A jikin gajeren bangon kudu kuma aka bar 'yar ƙofar kaji mai marfin katako, wadda ke fita zuwa filin da muka kewaye musu har gindin bedi.

Kwano tsirara a watan Afrilu tanda ne, a garin da zafi ke haura digiri 40. Don haka muka jera sanduna a kan kwanon, muka shimfiɗa zana a kansu muka ɗaure da waya, yadda akwai tazarar tafin hannu tsakanin zana da kwano, iska na bi ta ciki. Wanda ya shiga ɗakin da azahar kafin a ɗora zanar da bayan an ɗora, ba ya bukatar a yi masa bayani. Ana sauya ta duk shekara, kuma murhuna na matsar da shi nesa saboda tartsatsi.

Cikin ɗakin ni na tsara shi da kaina. Shimfiɗa ɓuntun shinkafa ne daga injin casa, kaurin yatsu huɗu, ina motsa shi da manjagara, in na ga inda ya jiƙe in kwashe in zuba sabo. Maƙwancinsu sanduna ne masu kaurin taɓarya, tsayin gwiwa zuwa cinya daga ƙasa, duk a layi ɗaya don kada su yi faɗan hawa na sama, kowace kaza ta samu wajen taƙi guda. An yi su yadda zan iya cire su in shanya a rana. Wurin ƙwai akwatuna ne ƙafa 1 ta kowane gefe, a jikin bangon gabas inda ya fi duhu, guda ɗaya ya ishi kaji 4 ko 5, da busasshiyar ciyawa da ɗan toka a ƙasa. Mazubin abinci jarkoki ne muka yanka muka rataye daidai bayan kaza, ba ta iya hawa ta tona. A waje na haƙa ɗan rami na cika da yashi da toka, nan suke birgima, kuma wannan wanka nasu ya rage mini ƙwarƙwata ƙwarai. Saman filin na rufe shi da tsofaffin gidajen sauron da suka yage, saboda shirwa da shaho. Can kusa da zaure, nesa da su, na ajiye keji guda. Duk kazar da ta shigo gidan nan, ko saye ko kyauta, sai ta yi mako 2 a cikinsa kafin ta gamu da nawa, haka ma wadda na ga ta yi sanyi. Akwai silifas guda a bakin ƙofa wanda ba ya zuwa ko'ina sai cikin ɗakin, dillali kuma iyakarsa zaure.

Tsohon akurkin, mun cusa masa kara mun kunna wuta kafin mu rushe shi. Kajin da farko ƙin sabon wurin suka yi, da magariba su taru a kan kufan tsohon, sai mun bi su da hannu mun ɗora a kan sanda, har suka saba.

Hunturun farko ya zo da tsoro. Na farke buhunan shinkafa na ɗinke su suka zama labule, na ɗaure a arewa, da dare in ƙara na kudu, amma kullum ina barin tafin hannu a buɗe ta sama don warin ya fita. Malamin dabbobin ya koya mana rigakafin fakat mai suna Lasota. Kwalba ɗaya ta kaji 100 ce ko fiye, don haka na bi maƙwabta muka haɗa kuɗi. Ana ɗauko ta a fulas da ƙanƙara, domin zafi na kashe ta. A hana kaji ruwa na ɗan lokaci da sassafe su ji ƙishi, a dama a ruwan rijiya, ban da na famfo mai sinadari, a raba, su shanye kafin awa 2. Muna maimaitawa duk wata 3. Akwai kuma wadda cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, kusa da Jos, take yi, wadda ta fi jure zafi, ana ɗiga ta a ido. A shekarar fakat ta shigo unguwa, na ji kukan mata ta kan katanga, amma gidajen da muka yi rigakafi tare Allah ya tsare mu. Na sha tashi cikin dare da tocila in leƙa, in gan su jere a kan sanda lafiya lau, in koma in yi nafila.

Inda ɗakin ya fi ba ni mamaki shi ne 'yan tsaki. Hausawa sun ce kaza mai 'ya'ya ita ke gudun shirwa, kuma a da in kaza ta ƙyanƙyashe goma, in ta raya uku an gode Allah. Yanzu na kan sa wa mai kwanci ƙwai 10 zuwa 12, in rubuta ranar da gawayi a bango, kwana 21 su fito. Bayan mako guda da kwanci ina haska ƙwan da tocila a duhu, wanda babu jijiyoyi a ciki in cire shi. Na keɓe kusurwa ɗaya da kwali da raga, in tsakin sun yi 'yan kwanaki in raba su da uwar, in sa musu tukunyar garwashi da aka rufe da raga. Su da kansu suke gaya maka yanayin: in sun cure a jikin tukunya sanyi suke ji, in sun watse gefe suna haki zafi ya yi yawa. Garwashi sai ya ruru hayaƙinsa ya ƙare a waje kafin in shigar, kuma ba na taɓa rufe wurin ruf. Uwar kuwa, da an ɗauke mata reno, ba ta daɗewa take komawa ƙwai.

Bazara ita ce jarrabawar gaske. Ruwan randa nake ba su, ina sauyawa da ya ɗumama, abinci kuma da sanyin safiya da bayan la'asar, domin ci da tsakar rana yana ƙara musu zafin jiki. Ina yayyafa ruwa a kan zanar rufi da ƙasan filin, ban da shimfiɗar ciki. Abincin, dusar gero da ta masara ne, da ɓarzajjen hatsi, da tunkuzar gyaɗata, da ganyen zogale, da ɓawon ƙwai da na ƙona na daka. Tsaki kaɗai nake saya wa abincin kamfani a makonnin farko. Daga baya na ƙara noila, masu saurin girma, a kan kajin gida, amma kajin gida ba zan rabu da su ba, domin su ke kwanci, su kuma masu saye suka fi nema da salla.

Shekara ba ta zagayo sau biyu ba aka sauya kwanon ɗakin yara, da kuɗin zakaru. Lokacin ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023, da mutane ke kwana a layin banki, ni da ƙwai nake aika yaro shago ya karɓo sabulu da gishiri, maƙwabciya ta kawo kwanon gero ta ɗauki sagara. Ɓuntun da na kwashe ma ba ya zuwa juji, masu noman rani na wajen Daberam suna saye buhu-buhu. Maigidana ya samu wata motar yanzu, Daura zuwa Katsina yake yi, amma kafin ya fita shi ke buɗe wa kaji ƙofa, kuma shi ke kai na sayarwa kasuwa, yana cinikinsu da fara'a. Baba magini kuwa ya gina irin ɗakin nan a wasu gidaje na unguwa, kuma na ji an ce yakan sa a kira matar gidan ta nuna wurin da kanta.

Abin da ke gabana yanzu zabi ne. Da damina nakan sayi ƙwansu daga ƙauyenmu in sa wa kaza ta kwanta, su nasu yakan kai kwana 28. Suna tashi lafiya a hannun kazar, amma da sun girma sai su raina sandar kwana, su haye bedi, can kuma muzuru ke samunsu. Ga shi suna tsangwamar kaji a wajen ci. Don haka mun ja igiya daga bangon yamma zuwa gindin bishiyar, za a yi musu nasu ɓangaren da ya fi wannan tsayi, da sanduna can sama kusa da rufi da ƙofa daban. Bulo ya fara taruwa a zaure, na kuma shiga sabon adashi saboda ragar. Baba ya ce a bari ruwa ya ɗauke ƙasa ta bushe, sannan a haƙa harsashi.